Akuya a Kan Motar Doya

Jama'a, yau na tafi dukan ɗana, na dawo da kunya!

Malamar su Habu ce ta aiko in zo. Na ɗauki bulala, na hau Vespa.

A gaban 'yan aji ta ce, "Baban Habu, yaronka yana da ƙwaƙwalwa, amma hankalinsa ba ya zama. Ana karatu, shi yana kallon taga."

Tana cikin magana sai ga motar doya daga Doma, akuya tsaye a kan lodin! Na bi ta da ido.

"Baban Habu! Me na ce yanzu?"

Wallahi ban sani ba!

Habu ya ja rigata, ya raɗa mini, "Baba, ka ce sori Ma. Haka nake cewa kullum."

Bulalar ma a can na manta ta. Ba zan koma ɗauka ba.