Na Ja Ƙanwata Cikin Jirgin Ruwa

A lokacin shekarata ashirin da uku, ina taya innarmu sayar da busasshen kifi a kasuwar Malanville, ni da ƙanwata. Ni ce babba, ni ce mai ƙarfin aiki, kuma na saba idan za a yabi wata a gidanmu ni za a yaba. Wata damina jirgin da ya ɗauko ƙanwata daga Madekali ya kife. Masunta suka tsamo ta da rai, matar da ke zaune kusa da ita kuwa ba ta fito ba. Tun daga ranar ko ƙarar injin jirgi ta ji sai jikinta ya ɗauki rawa, gumi ya jiƙa mata riga.

Inna ta hana ta zuwa bakin gulbi, ta zaunar da ita a rumfa. Ni ke tafiya cikin rana da taɓo in ɗauko kwandunan kifi, in dawo in tarar Inna na tsince mata ƙaya a abinci. Yayanmu idan ya dawo daga Kwatano ita yake fara tambaya. Masu saye ma ita suka sani, suna yi mata sannu ina tsaye da kaya a ka. Shekara guda ina haɗiye wannan, har na yarda a raina cewa ƙarya take yi, ta ga hutu ne ya yi mata daɗi.

Wata ranar Juma'a da hantsi na yi wa ƙanwata ƙarya na ce Inna ta faɗi a bakin ruwa. Ba ta ko sa takalmi ba, ta hau bayan babur ɗin kabu-kabu, na bi ta. Muna isa na riƙe hannunta na ja ta cikin wani jirgi da ke ɗaure, ina dariya, ina cewa yau asirinta zai tonu. Ba ta yi ihu ba. Idonta ya kafe, ta yi fitsari a zaninta, ta sulale tsakanin kwanduna.

A asibiti likita ya zaunar da mu. Ya ce idan mutum ya ga mutuwa kusa, wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwarsa suna ajiye abin tare da duk ƙara da wari da fuskar da ke wurin, kuma da ɗaya ya dawo sai jiki ya firgita kafin hankali ya sa baki. Ya ce ana warkewa a hankali, amma abin da na yi ya ƙara zurfafa tsoron ne.

Ta ce ta yafe mini, kuma na san da gaske take. Yanzu tana aure a Gene, har tana wanki a rafi. Amma idan na shiga gidanta na yi sallama, sai in ga kafaɗarta ta motsa, ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi. Na taɓa yi mata magana, sai ta ce, "Yaya, ni ba na jin haushinki. Jikina ne bai sani ba."

Shekara tara ke nan. Na koyi cewa mai tsoro ba zaɓa ya yi ba, kulawar da nake yi wa hassada kuma magani ce ake ba marar lafiya. Wanda ke da irin wannan a gida, kada ya gwada shi don ya ga ko gaskiya ne. Ni na gwada, har yau sai na aika a sanar da ƙanwata kafin in je gidanta.