Ba Kaska Ce Ta Kashe Dusa Ba

Har gobe, in aka tuna da Dusa a gidanmu sai a ce kaska ce ta kashe ta. Ƙarya ne. Ina wurin, ni na riƙe ta.

Ina aji huɗu a firamare, saura kwana uku Babbar Sallah, Baba ya shigo da ragon layya ya ɗaure shi a turke kusa da madafa. Gidan haya muke a bakin Fagge, katanga ɗaya tsakaninmu da 'yan Sabon Gari. Dusa magena ce, na tsince ta tana jaririya a bayan buhuna a Kasuwar Singa, launinta sak dusar gero. Ita kuwa duk inda ɗumi yake nan take kwanciya, sai ta lafe a harawar ragon. Washegarin Sallah ina sosa mata wuya na ji ƙulalai. Kaska ce, a kunne, a wuya, a tsakanin yatsu, wasu sun sha jini sun kumbura kamar jiƙaƙƙen wake. Da aka ga guda a bayan kunnen ƙanina, Inna, kakarmu, ta ce yau za a gama da abin.

Maƙwabciyarmu Mama Nkechi, mai sayar da manja, tana da kare, kuma ban taɓa ganin kaska ta daɗe a jikinsa ba. Ganyen darbejiya take tafasawa, in ya huce ta goge shi da ruwan, ta zauna ta cire kaskar ɗaya bayan ɗaya tun daga kai, ta jefa a garwashi, ta barbaɗa toka inda yake kwana. Ta leƙo ta kan katanga ta ga kwalba a hannun Inna. "Hajiya, kar ki sa mata kananzir, mage lasar jikinta take yi." Inna ko waiwaye ba ta yi ba. "Maganin kare zan shafa wa dabbar da ke hawa sallayata? Allah ya sauwaƙe. Ke, danne ta."

Na danne ta. Inna ta jiƙa tsumma ta murje ta tun daga kunne har wutsiya. Kaska kam ta zube. Dusa ta shige ƙarƙashin gado ta kama lasar jikinta, ba ta daina ba. Kafin la'asar kumfa na fita daga bakinta, ƙafafunta na karkarwa. Na ɗura mata madara da cokali, ta dawo da ita. Tana kan cinyata ta mutu, tana warin aci-bal-bal. Mutanen gida na suyar nama, aka ce: "Ayya, kaska ta zuƙe mata jini." Ba wanda ya kalli kwalbar. Ni ma ban ce uffan ba, kuma wannan shirun ne yake cin raina har yau.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba mugunta ta nufa ba. An sare darbejiyar layinmu an yi shaguna. Jiya 'yata ta shigo da ɗan mage, kunnensa cike da kaska, mijina ya ce ko akwai sauran kananzir. Na ɗauke kwalbar na kulle. Mama Nkechi tana nan da ranta, ta koma can cikin Sabon Gari. Gobe da safe zan sa magen a kwali in je in yi mata sallama, ta nuna mini yadda ake yi.