Gara a Rufin Lafiya Lau

A layinmu akwai wani kafinta da ake kira Lafiya Lau. Shi ya jawo wa kansa sunan. Kafin ka rufe baki da gaisuwa ya amsa maka da shi, yana murmushi irin na wanda aka yi wa albishir tun yana zanin goyo. In ka ce masa hadari ya haɗo, lafiya lau. In ka ce akuya ta shiga shagonsa tana lasar gam, lafiya lau. Fuskarsa sumul take kamar tebur da aka gama gogewa. Shekaru sun bi ta kanta ba su sami wurin zama ba, domin damuwa ce ke tona fuska, shi kuwa tun yana ƙarami ya sami masu ɗaukar masa tasa.

Ta farko uwarsa ce, wadda kowa ke kira Inna. Ita ta kai shi koyon aiki, ita ta saya masa guduma da zarto, ita ke zuwa ba da haƙuri in ya ɓata wa mutane katako. Da ƙarfinta ya fara ja da baya, sai kayan ya koma kan matarsa. Guga take yi wa mutane a rumfar tsakar gida, tana tsaye daga hantsi har rana ta karkata, zufa na bin ƙeyarta. Shi kuwa maigidan cewa yake ya miƙa komai ga Allah.

"Ni da Ubangijina babu shamaki," haka yake gaya wa mazauna bencin shagonsa. "Na gaya masa damuwata, ya karɓa. To me kuma zan riƙe?"

Tela, wanda shagonsa ke manne da nasa, yakan leƙo ya ce, "Kujerata da ka karɓa tun bara fa? Ita ma can ka miƙa ta?"

"Kai dai ba ka da tawakkali. Za ta fito in lokacinta ya yi."

"To Allah ya sa ina raye in zauna a kai."

Abin da ke ba mutane mamaki, a duk ganawar da yake cewa yana yi da Mahaliccinsa, ba a taɓa ce masa ya tashi ba. Kullum amsar ɗaya ce: zauna, huta, kai nawa ne.

Yana da wata ɗabi'a ta masu aikin katako. Duk inda ya shiga, sai ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa ƙofa ko ƙafar gado, ya karkatar da kai yana saurare. Lafiyayyen katako amsawa yake da murya a cike. Wanda gara ta cinye ta ciki kuwa, amonsa irin na fankon gwangwani ne. Ya sha kunyata masu gida a gaban baƙinsu: "Wannan ƙofar ai gawa ce a tsaye." A duk layin, katako ɗaya ne yatsansa bai taɓa sauka a kai ba, wato babban katakon da ke ɗauke da rufin ɗakin Inna.

A lokacin ciwo ya riga ya shanye wa Inna ɓarin jiki. Tana kwance a ɗakin baya, hannu ɗaya da ƙafa ɗaya sun daina jin maganarta, harshenta ya yi nauyi. Surukarta ke juya ta, ita ke mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki. Wata safiya tana kakkaɓe bargon tsohuwar, sai ta ga wani gari mai laushi a kai, launin ƙasa. Ta ɗaga kai. Ta ɗauko sandar tsintsiya ta bugi katakon, ya amsa mata kamar fanko.

"Maigida, katakon ɗakin Inna ya tafi. Ga damina ta kawo kai."

"Wa ya riƙe sama ba ginshiƙi?" in ji shi, yana kurɓar shayi.

"Allah ne. Amma saman ba kai ka kafa ta ba. Wannan rufin kai ka ɗora shi."

"Matsalarki ke nan, zuciyarki ba ta kwanciya. Ki riƙa kai kukanki inda nake kai nawa."

Da ta dame shi, sai ya ɗauki tsani ya hau. Akwai dabarar da kafintocin banza ke yi wa tsohon tebur kafin su kai shi kasuwa: a kwaɓa garin katako da gam, a cusa a ramuka, a goge, a bi da fenti. Ita ya yi wa katakon da ke saman kan uwarsa. Ya sauko yana share hannu, katako na sheƙi kamar ango.

"Kin gani? Lafiya lau."

Inna ta dube shi da idon nan da take dubansa da shi tun yana rarrafe, ta haɗa kalmomi da kyar: "Ɗana... ya iya."

Ba a daɗe ba garin ya dawo kan bargo. Gara ba ta san fenti ba.

Ita ma matar tana magana da Allah, sai dai babu benci a gabanta. A kan teburin guga take yi, murya ƙasa-ƙasa, tsakanin wuyan riga da hannunta. Ba ta iya doguwar addu'a ba. Cewa take, "Ya Allah, ga ni, ga Inna, ga katakon nan. Ka fi ni ganinsa. Tsoro nake ji." Sai ta ci gaba da guga, tururi na tashi, har ta ji ƙirjinta ya saki kamar yadin da aka yayyafa wa ruwa aka bi da dutsen guga. Bambancinta da mijinta shi ne, ita in hankalinta ya kwanta, hannunta tashi yake.

Ranar da ruwan farko ya zo, da la'asar ne. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara wasa da bakin kwanon rufi. Matar ta yafa mayafi ta isa shago da sauri.

"Maigida, zo mu fitar da Inna."

"A wannan iskar? Ki bar tsohuwa ta huta. Na riga na yi magana a kanta yau da safe."

Tela ya ce, "Kai, tashi mana! Ko Allah cewa ya yi tashi in taimake ka."

"Ni ba haka muka yi da shi ba."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta koma, ta durƙusa a bakin gadon Inna, ta jawo lafiyayyen hannun tsohuwar ta ɗora a kafaɗarta.

"Bar ni," in ji Inna. "Ɗana... ya gyara."

"Fenti ya yi, Inna. Riƙe ni da kyau."

Ta goya ta kamar jaririya, ta ɗaure da zani. Ta kira sunan Allah sau ɗaya, ta miƙe. Ta ratsa tsakar gida ruwa na dukansu, ta shimfiɗe ta a kan gadonsu, ta shiga goge mata fuska. Tana cikin haka suka ji ƙara kamar an sare bishiya. Katakon ya karye a tsakiya, kwano da tarkace suka rufta daidai inda filon Inna yake.

Sai da ruwa ya ɗauke Lafiya Lau ya iso, rigarsa a bushe ƙayau. Maƙwabta sun cika gidan. Ya leƙa ɗakin da babu rufi, ya leƙa uwarsa a raye, ya ɗaga hannu sama.

"Ban gaya muku ba? Na ce ya tsare min ita, ga shi ya tsare!"

"Ya tsare kam," in ji tela. "Sai dai da bayan matarka ya aiko, ba da naka ba."

Kafinta bai ji ba, ko kuma ya ji ya miƙa can. Ya tsallaka tarkacen, ya tsuguna a gaban karyayyen katakon, ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa, ya karkatar da kai.

"Gara ce," ya sanar da jama'a, kamar a gidan wani yake.

Da ya shiga gaida Inna, ta kawar da kai wajen bango. Hannun nan ɗaya da ya rage mata yana riƙe da gefen jiƙaƙƙen zanin surukarta, ya ƙi saki. Ita kuwa tana zaune a bakin gado, leɓenta na motsi a hankali, fuskarta a kwance kamar tsakar gida bayan ruwa.

Tun daga ranar Inna ba ta bar wannan gadon ba, shi kuma a bencin shago yake kwana. Ɗakin baya har yau sama ce rufinsa. In ka tambaye shi yaushe zai gyara, ka san amsar.