Sunan Aro A Takardar Tallafi

Shekarun baya, lokacin da tumbina bai fara riga ni shiga ɗaki ba, ina da wani aboki a Balad, tsohuwar unguwar kasuwa ta Jidda. Mutumin Damagaram ne, ya zo umra ya maƙale, shekara goma sha ɗaya yana dako a kasuwa babu iƙama, wato takardar izinin zama. Ni kuwa haifaffen Jidda ne, kakana ne ya tako da ƙafa, takarduna lafiya lau. Aikina tuƙa motar kafilina, Balaraben da ya tsaya mini a takarda, da cika wa mutane kunne. Duk wanda ya san ni ya san idan na ga kyanwa a unguwar Aziziyya, kafin in iso Balad ta zama zaki.

Wata rana buhu ya zame da abokin nan nawa a matakala, ƙugunsa ya goce. Ya warke, amma da ɗingishi, kuma ɗan dako mai ɗingishi kasuwarsa ta tashi. Zama ya gagara, komawa gida kuma yana jin kunyar sauka hannu rabbana. Ga tsohuwarsa can, duk Juma'a sai ta sa an kira mata shi a waya, maganarta ɗaya ce: "Ka zo in gan ka."

Ana nan sai labari ya zagaya cewa wasu ƙasashe, har da namu na gida, sun zuba kuɗi a asusu guda don irinsu. Wanda ya yarda zai koma, a daidaita masa hanyar fita, a koya masa sana'a can, a ba shi kayan aiki. An ce mata da masu lalura su ne a sahun gaba, kuma ba ruwan kowa da yadda aka yi ka zauna. Rajista a wani ofis a unguwar Safa.

Bayan la'asar muna zaune wurin mai shayi ya kawo maganar, fuskarsa har ta yi haske. Ya ce ɗinki zai zaɓa, tunda aikin zaune ne.

Na ajiye kofi na ce, "Allah ya shirye ka. Tun da kake, ka taɓa ganin gwamnati ɗaya ta ba talaka abu a banza, balle gwamnatoci sun haɗu? Tarko ne, ya akhi. Na san wani da ya sa hannu, tawada ba ta bushe ba sai ga shi a tarhil da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗaya ƙafar har yau tana ofis tana jiran kayan aiki."

Wuri ya kaure da dariya, har mai shayi ya ƙware. Tarhil, ga wanda bai sani ba, nan ne ake tsare marasa takarda kafin a jefa su jirgi da rigar jikinsu. Ni kuma ban san kowa da aka yi wa haka ba. A take na ƙera mutumin da takalminsa, don dai a yi dariya.

Abokina bai yi dariya ba. Ya je rajistar, amma ya yi abin da duk marar iƙama ya iya tun satinsa na farko: ya ba da sunan aro. Irinsu kowa yana da sunan kasuwa, shi ake faɗa wa mai gida, shi ake faɗa wa mai magani, na gaskiya kuwa a binne shi a ciki. Lissafinsa shi ne, in tarko ne a kama mutumin da babu shi, in gaskiya ce kuma ai fuska ɗaya ce.

Abin da bai sani ba, ana aika sunayen gida a tantance. Bayan wata biyu amsa ta dawo: babu mai wannan suna a garin da ya ambata. Aka ba wani gurbinsa.

Da na ba mahaifiyata labari, har da ɗan ƙarin gishirina, ba ta ko murmusa ba. Ta dube ni ta ce, "Kai mai iƙama a aljihu, tsoro abin wasa ne a wurinka. Shi da shi yake kwana, da shi yake tashi. Ka tashi ka je ka gyara abin da bakinka ya ɓata."

Na je Safa. Na tarar da wata ma'aikaciya Bahaushiya, na zuba mata bayani, karo na farko a rayuwata babu ƙari ko ɗaya. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, ba shi kaɗai ya yi haka ba, kuma na san dalili. Amma kuɗin nan na ƙasashe ne, kowace sai ta ga sunan ɗanta kafin ta yarda. Wannan zagayen halas, an rufe. Ya jira na gaba."

Na gaban bai zo ba sai bayan shekara da 'yan watanni. A cikin wata na bakwai tsohuwarsa ta rasu.

Mun yi zaman gaisuwa a ɗan ɗakinsa na haya, mu biyar, gwiwa na gugar gwiwa. Da mutane suka watse na kasa tashi. Na ce masa mutumin nan mai takalmi ɗaya babu shi, ni na ƙirƙiro shi.

"Na san halinka," ya ce. "Na san da wuya in gaskiya ce. Amma wanda ba shi da takarda, ko ƙarya ce sai ya ji tsoronta. Ni na riƙe biron, ba kai ba. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Ranar da aka sake buɗe rajista ni na ɗauke shi a mota. Har ƙofar ofis yana jan ƙafa, na ce, "Yalla, in tarko ne a haɗa da ni, ka ga sai sun nemo jirgin kaya." Ya ɗan yi murmushi. Muka zauna gaban ma'aikaciyar nan, ta ɗauki biro ta ce, "Sunanka na yanka, da na mahaifinka."

Sai da ta sake tambaya ya faɗa, a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe. A nan na gane cewa duk shekarun nan muna cin abinci a faranti ɗaya, ban san sunan abokina ba. Da muka fito ya ce da ni, "Tsohuwata kaɗai ta rage tana kirana da shi, ga shi ta tafi."

Yau yana Damagaram da kekensa na ɗinki. Rigar da na yi sallar bara da ita shi ya aiko, kuma ya rantse yadin ya isa a yi wa masallaci labule.

Ban daina barkwanci ba, wannan sai dai kabari. Amma na koyi cewa ƙofar da aka buɗe wa marar galihu ƙarama ce, kuma ba kullum take a buɗe ba, mai ƙoshi bai kamata ya tsaya a bakinta yana wasa ba. Yanzu idan aka kawo irin wannan labari wurin mai shayi aka juyo ana jiran abin da zan ce, cewa nake ban sani ba, mu je mu tambaya.

Abokina kuma duk Juma'a nakan kira shi. Da sunansa na yanka nake fara sallama.