Bakan da Vandi Bai Sassaƙa Ba

Shekara goma sha uku ke nan da muka raka gawar Vandi daga unguwar Lokuwa a Mubi zuwa ƙauyensu a bayan Michika. Ni Musulmi ne, shi Kirista, don haka na tsaya a gindin wata bishiya har suka gama waƙoƙinsu, sannan na matso na zuba ƙasa kamar kowa. Duk shekara idan watan ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, domin akwai abin da bai ƙare ba tsakanina da shi. Bana ya ƙare.

Vandi manomi ne na dawa da wake, amma da sassaƙar baka aka san shi. Maharba daga Gella da ƙauyukan kan dutse sukan zo su zauna a ƙofar gidansa, ya dubi kafaɗar mutum da tsawon hannunsa, ya ce masa ya dawo bayan damina biyu. Ni kuwa malamin dabbobi ne. Allurar shanu ta kai ni Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya, na yi ciniki da Fulatanci, na yi faɗa da Faransanci, na roƙi ruwa da Larabcin Cadi. Na ga gajeren baka a hannun makiyaya, na ga dogo na gora wanda ya fi mai shi tsawo. Ban ga wanda ya kai na Vandi daɗin ja ba. Ba don ya mutu nake faɗin haka ba. Tun yana raye na faɗa masa, ya ce ai ya sani.

Aikinsa ba shi da gaggawa. Bayan kaka, lokacin da ruwan itace ya sauka, sai ya bi bakin mayo, wato rafi, ya zaɓi reshen dargaza miƙaƙƙe. Da hannu yake ɓare ɓawon, wuƙa ba ta taɓa bayan sandar. Sai ya soke ta a rufin ɗakin girkin matarsa Kuve, daidai saman murhu, hayaƙi ya yi ta shiga shekara biyu ko uku. Kowace sanda yakan ɗaura mata alamar mai ita. Idan ta nuna, sai ya sauke, ya sassaƙe cikinta kaɗai da gizago, ya kankare da fasasshiyar kwalba, ya shafa man kaɗanya, ya gasa a kan garwashi. Tsirkiya kuma ta fatar da ya jeme da kansa ce.

Ya taɓa yi mini baka guda, kyauta. A wani otal a Garwa ta Kamaru na ga an rataye baka a bango, a ɗaure da tsirkiyarsa, da kibau biyu a gicciye, abin ya ba ni sha'awa. Da na dawo na yi haka a falona. Shekara biyu yana nan a ɗaure, baƙi suna yabawa. Ranar sunan jikata Vandi ya shigo falon karo na farko. Bai zauna ba. Ya sauke bakan, ya kwance tsirkiyar, sandar ta tsaya a lanƙwashe kamar ba a kwance ta ba.

"Likitan shanu," in ji shi, "ka taɓa barin sa da karkiya a wuya shekara biyu?"

Na ce ai ado ne.

"Ado! Ka kashe shi, soobajo. Ko kaza ba zai kayar ba." Soobajo, wato aboki da Fulatanci, haka yake kirana ko yana fushi.

Ya saɓa bakan ya fita, ko tuwon suna bai ci ba. Wata uku muna gaisawa a kasuwa kamar surukai. Sai wata rana ya aiko a kira ni, ya kai ni ɗakin girki, ya nuna mini sabuwar sanda a cikin hayaƙi, da ƙaramar kwalbar maganin shanu a ɗaure a jikinta. Ya ce: "Taka ce. Kafin ta nuna, wataƙila kai ma ka yi hankali." A damina ta biyu ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Bai sauke sandar ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga Mubi ta yau. Bai ga shekarar da 'yan tayar da ƙayar baya suka shigo muka bar garin da ƙafa ba, muka dawo muka tarar an kwashe gidaje har da ƙofofi. An ɗauke wa Kuve keken ɗinki da tukwane, amma babu wanda ya ɗaga kai ya dubi baƙar sanda a rufi. Na san zai yi dariyar wannan. Da ya ga bakunan da ake sayarwa yanzu don rawar al'ada, an fere su da inji ciki da baya, an shafa musu fenti mai ƙyalli, an ɗaure da igiyar roba, ba na jin zai yi fushi. Zai ɗauki ɗaya ya juya, ya mayar, ya tambayi mai kayan ko nawa ne kwanon wake. Haka yake raina abu.

Bayan Kirsimetin da ya wuce ɗansa Zira ya zo gidana. Mutumin kirki ne, ma'aikaci, da furfurarsa. Ya ce zai rushe tsohon ɗakin girkin ya gina ɗakunan haya na ɗalibai, ya kuma saya wa mahaifiyarsa gas. "Baba, akwai wata sanda da Mama ta ce taka ce. In kai wa kafinta ya gyara maka ita da inji? Rabin awa ya gama."

Na ce kada ya kuskura. Inji ba ya bambanta ciki da baya, kuma sandar da aka yanki bayanta a jan farko take karyewa. Ita kaɗai ta rage daga hannun Vandi, babu ta biyu. Na nemi mai sassaƙa irin ta da, daga Gella har Michika. Wanda aka kwatanta mini ya makance, wani ya rasu. Sai na yanke shawarar in yi da kaina. Na zauna kusa da Vandi fiye da shekara ashirin ina kallo, kuma hannun da ya yi wa bijimi tiyata bai kamata ya ji tsoron itace ba.

Mako uku ina shafa mata man kaɗanya kafin ta daina ƙara kamar busasshen kara. Na ari gizagon Vandi, na zauna a tsakar gidansu kowace safiya ina sassaƙa, Kuve tana gefe tana tsince wake a faifai. Da na ga siffa ta fito, na ɗaura tsirkiya, na miƙe zan ja iya ƙarfina.

"Alhaji, tsaya!" Ta ajiye faifan. "Haka ka ga yana yi?"

Na ce haka na gani.

"Shi ka kalla. Ni ba ka kalle ni ba. Zo nan, juya wa rana baya."

Ta tsayar da ni gaban bangon ɗakin girkin, inda hantsi ke bugawa, ta ce in ja kaɗan. Ba bakan take duba ba, inuwarsa take duba a bango. Ta taka ta sa yatsa a kan inuwar. "Sama ya lanƙwasa, ƙasa ya ƙi. Ka ƙara ja, a nan zai tsage. Kankare ƙasa, daga nan zuwa nan. Da kwalba, ba gizago ba, kada ka yi mini aikin mahauta."

Na tsaya ina kallonta. Shekara ashirin ina ganin matar nan tana fitowa daga ɗakin girki duk lokacin da Vandi ya miƙe da baka, ta ce wani abu da yarensu, ta koma. Ina jin harsuna biyar, amma ban taɓa tambayar me take cewa ba. Na ɗauka kiran abinci ne.

"Mai ja ba ya ganin abin da yake ja," in ji ta. "Duk bakan da ya fita gidan nan, ni na ce ya yi."

Kwana tara muka yi a haka. In kankare, in ja, ta duba bango, ta ce saura. Wata rana sau ɗaya kawai ta bar ni na goga kwalbar. Zira ya ɗaga wa magina ranar fara aiki har sau biyu, domin bangon muke bukata. A rana ta tara inuwar ta fito daidai, sama da ƙasa. Kuve ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce: "Ja duka." Na ja har tsirkiya ta taɓa kunnena. Sandar ta yi ɗan nishi, ta riƙe. Na saki kibiya, ta nutse a buhun ƙaiƙayi a ƙarshen gidan har rabinta.

Ban zama Vandi ba. Bakan ya fi nasa nauyi, kuma akwai wurin da gizago ya zame mini. Amma na daina cewa sana'arsa ta bi shi kabari. Rabinta tana Lokuwa tana tsince wake, ba mu taɓa tambayarta ba ne kawai. Maharba biyu daga Gella sun ji labari, sun sari dargaza a kakar nan, Kuve ta ce su kawo idan ta sha hayaƙi, in Allah ya kai mu. Zira ya rushe ɗakin girkin, amma ya bar bangon da rana ke bugawa a tsaye.

Makon jiya Kuve ta hau keke napep ta zo gidana ba sanarwa. Ta gaisa da iyalina, ta wuce falo kai tsaye, ta ɗaga kai. Bakan yana rataye a miƙe, kwalbar maganin shanu a jikinsa, tsirkiyar a kwance an naɗe ta a gefe. Ta sa hannu ta taɓa ta tabbatar.

"To," in ji ta, "ashe dai ka yi hankali." Sannan ta zauna ta ce a kawo mata tuwo.