Ramuka a Rufin Motar Marigayi

A shekarun da kuɗin fetur suka cika Kano, maigidana yana ɗauko kayan shagonsa daga Kasuwar Singa a saman motarsa. Katako biyu yake naɗewa da tsohuwar robar taya, ya shimfiɗa a kan rufin, ya ɗaure da igiya ta cikin ƙofofi. Har ya rasu, fentin rufin bai ƙwarzane ba.

Ina cikin takaba ƙaninsa ya karɓi mukulli, wai zai kula mana da ita, mutumin da ko keke bai taɓa shekara a hannunsa ba. Ya ce ɗaurin igiya ƙauyanci ne. Ya kai ta wurin mai walda a Sabon Gari, aka huhhuda rufin, aka kafa ƙarafan tsohon gado na ɗora kaya.

Ranar da na fita takaba ya zo kai ni gidanmu a Rijiyar Lemo, ana ruwa. Ruwan tsatsa yana ɗiga a kan kujerar marigayi, shi kuwa sai washe baki yake.

"Matar Yaya, kin ga aiki? Ga araha!"

Na ce ya tsaya. Na sauka, na ƙarasa da ƙafa a cikin ruwan.