Uwar Dangi

Ni ke kula da ɗakin katunan marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Da aka tashi mayar da katunan cikin kwamfuta, wata injiniyar kwamfuta aka ɗauko ta gyara shafin da wani ya fara ya gudu ya bari. Aka sa mata tebur a ɗakina, tsakanin kabad ɗin ƙarfe da taga. Doguwar mace ce, ba ta da yawan fara'a, in tana aiki sai ta cire takalmin ƙafar hagu ta ajiye a gefe.

Ita ce babba a gidansu. Ta ce mini a ɗaki ɗaya suka tashi da ƙannenta, gidan haya, inda ko ciwon ciki ka yi maƙwabta sun riga ka sani. Tana goyon autarsu ta yi karatun kwamfuta. Yanzu mahaifiyarta na hannunta, ciwon ƙafa ya zaunar da ita, kuma da aikin nan namu take riƙe gidan.

Shafin da ta tarar nauyi gare shi. Ka nemi sunan mutum, sai ka sha ruwa ka dawo bai buɗe ba. Na tambaye ta dalili.

"Kawu, mutum ɗaya ka kira, ya taho da danginsa kaf," ta ce. "Katinsa a ɗaure yake da gwaje-gwajensa, da magungunansa, da abin da likita ya rubuta, har da katin matarsa da na 'ya'yansa. Wanda ya fara aikin ya bar su duk su biyo shi. Ni zan gaya wa kowane shafi wa zai shigo, wa zai jira a waje sai an kira shi."

Haka ta yi. Shafin likita ta bar kowa ya shigo. Na ɗakin magani, magunguna kawai. Na teburin karɓar baƙi, suna da lambar kati da ranar ganin likita. Tun daga nan muke kiranta Uwar Dangi, ita kuma tana amsawa.

Ana haka manaja ya shigo ɗakinmu wata safiya. Ba mugun mutum ba ne, layin da ke bakin ƙofa ne ya dame shi. Mutane na tambayar sakamakon gwajinsu a teburin gaba, 'yan matan wurin ba sa gani, sai su yi ta aikawa wajen likita.

"Injiniya, ki buɗe musu komai a shafinsu," ya ce. "An ce mini layi ɗaya na rubutun kwamfuta za ki ƙara."

"Layi ɗaya ne, Yallaɓai. Amma ba zan ƙara ba."

Na sunkuyar da kai ina jera katunan da na riga na jera.

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Ba zan yi ba. Allon kwamfutar teburin gaba rabinsa masu bin layi yake kallo. Mai tsaye a baya yana karanta na wanda ke gabansa. In kana so, in sa musu alama kawai, gwaji ya fito ko bai fito ba."

"Ban ce ki ba ni shawara ba. Asibitin naki ne?"

"Ba nawa ba ne. Ciwon ma ba naka ba ne, na masu shi ne." Ta juyo da kujera ta dube shi. "Kuma dangi ba sa zaɓe, Yallaɓai. Ranar da aka kira katinka a teburin nan, na iyalinka zai biyo shi."

Fuskarsa ta canza. Ya ce in ba ta yi ba kafin ƙarshen wata, ta nemi wani wurin. Bayan ya fita na ce mata, "Ki tuna da Mama fa. Ki ƙara layin, laifin yana wuyansa."

"Hannuna ne zai rubuta, Kawu, ba wuyansa ba."

Sauran kwanakin ba ta yi zaman fushi ba. Ta gama shafin ɗakin gwaji, ta koya mini yadda ake ajiye kwafin bayanai. Da wata ya ƙare ta sa takalminta, ta ɗauki kofin shayinta, ta gaishe da manaja a ƙofa kamar kullum, ta tafi.

Ta sha wuya kafin ta samu wani aikin. Yanzu a falon mahaifiyarta take, tana haɗa wa makarantu shafuka, wani lokaci akwai aiki, wani lokaci babu. Wanda ya gaje ta ya sa alamar nan ta gwaji ya fito ko bai fito ba. Layin da ta ƙi ƙarawa kuwa, manaja bai sake tayar da maganarsa ba, ni ma ban tambaye shi dalili ba.

Kwanan baya na je gaishe da Mama. Uwar Dangi na kan tabarma da kwamfuta a cinya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kawu, dangi suna waje?"

Na ce suna waje, har yanzu ba a ƙara layin ba.

"To su zauna," ta ce, ta ci gaba da bugawa.